DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: DARASI DAGA TSOHUWAR MAJAMI'AR WUSASA

Gabatarwa

Ina so in yi amfani da wannan fili in tayar da wata magana wadda ba a cika kula da ita ba, alhali kuwa ta shafi kusan kowane ƙauye da muka fito. Maganar ita ce ta tsofaffin majami'unmu na ginin ƙasa.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Ikilisiya ta yi yawa, an sami 'yan kuɗi daga baikon godiya na kaka, ko kuwa wani ɗan gari da ke aiki a birni ya yi alkawarin siminti da kwano. Sai a kafa kwamitin gini. Abu na farko da kwamiti zai yanke shi ne a rushe “wancan tsohon ɗakin” domin a sami fili. Kafin damina ta faɗi an baje shi, an kwashe ƙasar an cike kududdufi da ita. Babu wanda ya ɗauki hoto, babu wanda ya auna tsawo da faɗi, babu wanda ya tambayi sunan maginin da ya ɗora shi. Ɗakin da aka yi wa kakanninmu baftisma a ciki, aka ɗaura auren iyayenmu, aka koya musu karatun a-ba-ca-da, ya tafi cikin yini biyu, ana kiɗa ana guɗa.

A ganina wannan hasara ce babba, kuma muna yin ta ne saboda mun raina abin da muke da shi. Domin in nuna haka, zan ɗauki mai karatu zuwa wata majami'a guda ɗaya wadda ba a rushe ba, wato tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, kusa da Zariya. An sa mata sunan Bartalamawas ne, ɗaya daga cikin manzanni 12 na Almasihu. An gina ta a 1929 da jar ƙasa da azara, kuma a shekarar 2029 za ta cika shekara 100.

Yadda aka zo Wusasa

Wusasa tana bayan ganuwar birnin Zariya ta wajen yamma, daura da dutsen Kufena. Amma labarin majami'arta ya faro ne tun 1900, lokacin da Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya jagoranci wani ƙaramin ayari daga Ikko zuwa Kano. A cikin ayarin akwai wani likita matashi mai suna Walter Miller, wanda ya riga ya je Turabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke zaune can. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

A 1905 Likita Miller ya shiga cikin birnin Zariya ya zauna. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya kuma duƙufa ga fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wajen 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka neme shi. Su kuwa zuriyar almajiran wani Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Waɗanda suka karɓi bishara daga cikinsu suka kafa ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya auka musu, ya kashe da yawa, sauran suka watse, wasu suka dawo Zariya wurin mishan.

Zaman mishan a cikin birni bai yi wa gwamnatin mulkin mallaka daɗi ba, domin ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta sa baki cikin addininsu ba. Ga shi kuma wurin ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1920 aka ba mishan fili a Wusasa, aka ƙaura can a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. A nan aka kafa asibitin St. Luke, da makaranta, da kuma majami'ar da muke magana a kanta.

Idan ana so a san nauyin wannan wuri, sai a dubi mutanen da al'ummar mishan ta Zariya da Wusasa ta raina. Akwai Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Akwai Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Akwai Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Wusasa, ya kuma fara karatu a makarantar St. Bartholomew. Akwai John Tafida, wanda suka rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. A 1997 aka kafa dayosis na Wusasa, Ali Buba Lamido ya zama bishop na farko. Duk wannan tarihi yana da ɗaki guda da ya kewaye, kuma ɗakin na ƙasa ne.

Yadda maginin Hausa yake gini

Kafin mu yaba wa wannan majami'a, ya kamata mu san irin aikin da ke cikinta, domin yawancinmu mun tashi muna ganin ginin ƙasa ba mu taɓa tsayawa mun duba shi ba.

Da rani ake aikin. Za a haƙo jar ƙasa mai birji, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Magini yana zaune a kan bango, yaransa suna cilla masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana jerawa sahu-sahu, tsini yana kallon sama. Bango yakan fara da kauri sosai a gindi, yana raguwa yayin da yake hawa. Shi ya sa ginin Hausa yake tsaye kamar mutumin da ya buɗe ƙafa ya kafe.

Wurin rufi ne ake gane gwani. Itacen da ake amfani da shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Amma tana da iyaka: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya tsallake fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin ƙafa 20 ko fiye da itacen da ba ya wuce ƙafa 6? Amsar da maginan Hausa suka samo ita ce bakan gizo. Sai a kafa azara cikin bango daga wannan gefe da wancan, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. A sake ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa ciki, a ɗaure, a lulluɓe, a jira. Haka za a yi ta yi, hannu biyu suna miƙowa sannu a hankali, har su gamu a tsakiya su zama baka guda. Idan bakuna suka gitta wa juna suka ɗauki rufi mai tudu, shi ne ake kira ɗaurin guga. A kan bakunan ake shimfiɗa gajerun azara, sa'an nan zana ko asabari, sa'an nan ƙasa.

Saura kariya daga ruwa. A kan soro akan shafa laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima, da ruwan dafara. A jikin bango akan yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rawani yana kewaye bakin soro, indararo yana tura ruwa nesa da gindin bango, zankaye kuma suna tsaye a kusurwoyi. Mai karatu ya lura: marini ya ba da nasa, majemi ya ba da nasa, giginya da ɗorawa sun ba da nasu. Babu abin da aka hau jirgin ruwa aka kawo.

Wannan sana'a tana da babban suna a ƙasar Zazzau. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda masana gini na duniya suke ɗauka shi ne ƙololuwar ginin Hausa. Har yau akwai unguwa a birnin da ke amsa sunan Babban Gwani. Wannan ilimi ne, na tubali da azara da bakan gizo, aka ɗauko aka gina majami'ar Wusasa da shi.

Abin da ginin yake faɗa

Majami'a tana bukatar dogon ɗaki mai faɗi, inda na baya zai hangi bagade ya ji mai wa'azi. Wannan ya bambanta da zaure ko soron attajiri. Duk da haka maginan ba su ce aikin ya fi ƙarfin ƙasa ba. Sun tayar da bangaye masu kauri, suka ɗaura bakuna suka ɗauki rufin, suka fitar da ɗakin sujada wanda in ka hango shi daga nesa za ka ce gidan wani basarake ne na ƙasar Zazzau, sai ka matso ka ga alamar gicciye.

A 1929 Turawan mishan suna da hanyar samun kwano da siminti, domin jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya tun wajen 1911. A wurare da yawa an gina majami'u masu kama da na Ingila. A Wusasa kuwa aka yi ginin gida. Shekara 3 bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da yawancin ransa a kai. A ganina waɗannan abubuwa biyu tagwaye ne. Ɗaya ya sa Maganar Allah cikin harshen mutanen ƙasa, ɗaya ya sa ɗakin sujada cikin ginin mutanen ƙasa. Dukansu suna cewa mutum yana iya bin Almasihu ba tare da ya tuɓe rigar gidansu ba. Sau nawa aka ce mana addininmu na Turawa ne? Wannan bango na jar ƙasa ya fi kowace muhawara iya ba da amsa.

Akwai kuma wani darasi ga zamanmu da maƙwabta. Bakan gizon da ya ɗauki rufin masallacin Juma'a na Zariya, irinsa ne ya ɗauki rufin majami'ar Wusasa. Ƙasa ɗaya aka haƙa, sana'a ɗaya aka gada. Yaro Musulmi da yaro Kirista da za su shiga gine-ginen nan biyu su ɗaga kai, za su gane cewa kakanninsu sun haɗa abubuwa da yawa fiye da yadda masu hura wutar rikici suke so su sani.

Kada kuma a ce yin gini da kayan gida ƙauyanci ne. Su kansu Ingilishi haka suka yi a ƙauyukansu. A yankin Norfolk, inda dutsen sassaƙa ya yi wuya, da ƙanƙarar duwatsu da suke tsinta a gona suka gina majami'unsu. A Norwe da katako suka yi. A Lalibela ta ƙasar Habasha, majami'u 11 aka sassaƙa daga cikin dutse. Kowa da abin da Allah ya sa a ƙarƙashin ƙafarsa ya yi wa Allah ɗaki. Mu da aka ba jar ƙasa da giginya, me ya sa za mu ji kunya? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Amsa ga masu cewa a rushe

Ban ce masu son sabon gini ba su da hujja ba. Suna da ita, kuma ya kamata a amsa musu da gaskiya.

Na farko, sukan ce tsohon ɗaki ba ya ɗaukar jama'a. Wannan gaskiya ne, kuma abin godiya ne ikilisiya ta yi girma. Amma ƙarancin wuri dalili ne na gina sabo, ba dalili ne na rushe tsoho ba. A ƙauye fili bai yi wuyar da za a ce dole sai a kan gurbin tsohon za a ɗora sabon ba. A Wusasa ma jama'a sun fi ƙarfin ginin 1929, aka yi babba na zamani, aka bar tsohon a tsaye. Tsohon ɗaki yana iya zama wurin makarantar Lahadi, ko addu'ar safe, ko taron zumuntar mata, ko koyon waƙa, ko ɗakin ajiye littattafai da rajistar baftisma.

Na biyu, sukan ce ginin ƙasa yana son gyara kowace shekara, kuma yana iya faɗuwa a kan mutane. Wannan ma gaskiya ne. Kowace damina mukan ji labarin ɗakunan ƙasa da suka rufta, har da hasarar rai, kuma babu wani tarihi da ya kai ran mutum daraja. Idan gini ya riga ya ruɓe, masana suka duba suka ce ba ya gyaruwa, to, a fitar da mutane daga ciki. Amma a bincika a gani: ɗakin da ya rufta, yawanci indararonsa ya toshe tun bara, ko ruwa yana kwanciya a gindin bangonsa, ko an shekara biyar ba a yi masa yaɓe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin da aka gina a 1907 na ƙasa ne, kuma yana tsaye ne saboda kowace shekara mutanen gari, maza da mata da yara, sukan fito rana guda su yi masa sabon yaɓe, abin ya zama musu biki. Mu ma mun san gayya. Ikilisiyar da ke iya fitowa ta nome gonar fasto, ba za ta kasa fitowa yini ɗaya da rani ta yaɓe bangon da kakanninta suka bari ba.

Na uku, sukan ce ginin ƙasa alamar talauci ne, baƙi za su yi mana dariya. Nan ne ainihin ciwon yake, domin ciwo ne na zuciya. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gini na duniya. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A Jos akwai gidan tarihi na gine-ginen gargajiya inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya domin masu nazari. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi su zo su ga abin da mu muke biyan lebura su rushe.

A kuma gwada da jiki. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da sanyi da tsakar rana, yake da ɗumi da asubar hunturu. Wanda ya taɓa zama sujada a ƙarƙashin kwano marar silin a watan Afrilu ya san bambanci. Wanda kuma ruwan sama ya taɓa tarar da shi cikin irin wannan majami'a ya san yadda mai wa'azi yakan yi ta motsa baki ba a jin ko kalma ɗaya.

Na huɗu, sukan ce ai ikilisiya mutane ce, Allah ba ya zama cikin tubali. Babu mai musun wannan. Amma mu tuna, sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarci Joshuwa ya sa a ɗauko duwatsu 12 daga cikin kogin a kafa su, domin wata rana 'ya'ya su gani su yi tambaya, iyaye su ba su labari. Ba a yi wa duwatsun sujada ba. Aikinsu tunasarwa ne. Tsohuwar majami'ar ƙauye ita ce duwatsunmu. Idan muka kawar da ita, me yaro zai gani har ya yi tambaya?

Akwai abin da ya kamata ya sa mu yi tunani. A watan Maris na 1987, rikicin da ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da wasu garuruwa, aka ƙone majami'u da yawa. Mun yi kuka, kuma kukan yana kan hanya. To, in ginin da wuta ta cinye ya isa a yi masa hawaye, yaya wanda muka sa diga da shebur muka baje da hannunmu zai zama abin yin walima?

Gyaran da ya fi ɓarna

Wasu ikilisiyoyi ba su rushe ba, amma sun yi wa tsohon ɗakinsu illa da sunan gyara. Abin da aka fi yi shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti, a yi masa fenti, a ce an huta da yaɓe har abada. Ba a huta ba. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, kamar yadda tulu yake yi. Siminti kuwa yana toshe wannan hanya. Ga shi kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, saboda haka ba a daɗewa simintin yakan rabu da ƙasar ya tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bango daga ciki. Daga waje gini yana sheƙi, ciki kuwa ya zama kunu. Ran da ɓawon simintin zai faɗo, sai a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko, alhali maganin ne ya kashe majinyacin.

Ƙasa da ƙasa ake gyara ta. Wannan ya kawo mu ga babbar matsala, wato magina. Tubali ba ya ƙarewa, amma masu iya ɗaura bakan gizo suna ƙarewa. Tsofaffin gwanaye suna mutuwa, 'ya'yansu sun koma bulo da kankare domin can ne ake samun abinci. Giginya ma ana sara ba a shukawa, marina da yawa sun mutu, katsi ya yi wuya. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da mai yaɓa shi. Ran da gwani na ƙarshe ya kwanta dama, ko an kewaye majami'ar Wusasa da waya an sa mata maigadi, kwananta ƙidayayye ne.

Abin da za mu iya yi

Ga dattawan ikilisiya da kwamitocin gini, ina roƙo da ladabi: kada a rushe tsohuwar majami'a sai an nemi shawarar masana. Akwai sashen koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1979. A ware wani abu kaɗan daga baikon kaka domin yaɓen shekara. A Ingila, tun 1955 dokar ikilisiya ta wajabta a sa masani ya duba kowace majami'a sau ɗaya cikin shekara 5. Mu da gininmu na ƙasa ne, kowace shekara ya kamata mu duba, kafin ruwan farko: a share indararo, a toshe tsaga, a gyara magudana, a nemi gidan gara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga hukumomin makarantunmu, ina ba da shawara a riƙa gayyato tsofaffin magina su nuna wa ɗalibai aikinsu, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Ɗalibin da ke koyon zanen gini ya kamata ya san yadda baka take ɗaukar nauyi kafin ya san yadda rodi yake yi. A kuma shuka giginya a bakin filin makaranta. Ba mu za mu tsaga azararta ba, amma wani ne ya shuka wadda ke riƙe da rufin Wusasa.

Ga 'yan'uwa ɗalibai kuma, aikinmu shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya jiran kuɗi. Idan an tafi hutu, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami da abin awo, ya je tsohuwar majami'ar ƙauyensu. A auna tsawo da faɗi da kaurin bango. A ɗauki hoto ciki da waje. A zauna da Baba ko Kaka mafi tsufa a gari a tambaye su: wace shekara aka gina, wa ya ba da fili, wa ya yi ginin, daga ina aka saro azara, wa aka fara yi wa baftisma a ciki? A rubuta yadda suka faɗa, a kawo wa ƙungiyar nazarin tarihi ta makaranta. Idan ɗakin ya riga ya tafi, a nemi wanda ya tuna kamanninsa a zana. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama jarrabawa ba.

Kammalawa

Mutanen da suka taru a Wusasa a 1929 ba masu dukiya ba ne. Wasunsu sun tsira ne daga ciwon barci na Gimi, wasu an raba su da danginsu saboda bangaskiya. Duk da haka ɗakin da aka gina musu da ƙasar da suke takawa ya kusa cika shekara 100, ya kuma ga 'ya'yansu sun zama likitoci da shehunan malamai da shugabanni. Mu da muka fi su kuɗi da ilimin boko, abin kunya ne a ce ba mu iya riƙe abin da suka bari ba.

A gina sababbin majami'u, manya masu kyau, Allah ya ba da ikon yi. Amma a bar tsofaffin su tsaya a gefe, a yaɓe su, a share su, a buɗe ƙofarsu ga yara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu hikimar gane darajar abin da muka gada, ya kuma sa mu miƙa shi ga na bayanmu lafiya. Amin.